Babi na Bakwai: Kokawa da Zuciya a Waƙa, daga Jitar Rok zuwa Kuntigin Ɗan Maraya

Rok wani nau'in kiɗa ne da ya tsiro a Amurka a shekarun 1950, daga kiɗan baƙaƙen fatar ƙasar wanda ake kira bulus da kuma kiɗan Turawan karkara, sannan ya haye zuwa Ingila inda ya sami sabon ƙarfi a shekarun 1960. Kayan kiɗansa su ne jitar lantarki, da wata jitar mai kaurin murya wadda ke riƙe gindin kiɗan, da jerin ganguna da mutum ɗaya ke kaɗawa a zaune. A farkon al'amari jigoginsa ba su wuce soyayya da rawa da motoci da ɗokin ƙuruciya ba, jigo kuwa, kamar yadda manazarta adabin Hausa ke amfani da kalmar, shi ne babban saƙon da waƙa ta ginu a kansa. Amma tun kafin shekarun 1960 su ƙare wani jigo na daban ya fara kankane wuri, wato mawaƙi ya tsaya gaban dubban mutane ya shaida musu cewa shi kansa ba ya jin daɗin kansa, cewa akwai abin da ke cin sa a rai, kuma cewa abokin faɗansa ba wani ba ne illa zuciyarsa. John Lennon na ƙungiyar Beatles ya bayyana daga baya cewa waƙarsu mai suna Help!, wadda ta fito a 1965, kukan neman agaji ne na gaske, ko da yake saurin kiɗan ya sa masu sauraro suka ɗauke ta waƙar nishaɗi. A 1970 kuma, bayan ya yi jinya a hannun wani likitan halayyar ɗan Adam, ya fitar da kundin waƙoƙi wanda ya yi maganar rashin uwarsa da gudun ubansa a cikinsa ba tare da wani sakaye ba.

A shekarun 1990 wannan jigo ya zama kusan shi ne alamar rok ɗin gaba ɗaya. Waƙar Creep ta ƙungiyar Radiohead, ta 1992, bakin wani saurayi ce da ke kallon kansa a matsayin bare wanda bai cancanci wadda yake so ba, bai kuma cancanci wurin da ya tsinci kansa ba, waƙar kuma ta ƙare ba tare da ta ba shi mafita ba. Ƙungiyar Linkin Park, a waƙarta Numb ta 2003, ta ɗauki muryar wanda ya gaji da ƙoƙarin zama abin da wani ke so ya zama, har jikinsa ya mutu ya daina jin komai. Akwai wani salo, wato dabarar isar da saƙo, da irin waɗannan waƙoƙi suka yi tarayya a kansa: ɗan waƙar, wato baitin, yakan zo a hankali da murya ƙasa-ƙasa, sai a amshi jita ta ɓarke da ƙara mawaƙin kuma ya kece da ihu, kamar tukunyar da aka rufe tana tafasa har ta ture murfi. Abin da ake kira yarda da kai a cikin waɗannan waƙoƙi, wato mutum ya karɓi kansa da aibinsa ya daina gudun inuwarsa, ba kasafai yake fitowa a cikin kalmomin ba. Yakan samu ne a filin wasa, lokacin da taron jama'a ya kama amshin tare da mawaƙin, kowa ya ji cewa ashe ciwon da yake ɓoyewa na mutane da yawa ne. Wannan sauƙi na gaske ne, sai dai bai hana Kurt Cobain na ƙungiyar Nirvana kashe kansa a 1994 ba, bai kuma hana Chester Bennington na Linkin Park yin haka a 2017 ba.

Rok bai yi saiwa a ƙasar Hausa ba. A kudancin Nijeriya, bayan yaƙin basasa, an sami ƙungiyoyi irin su Ofege da Funkees da BLO waɗanda suka riƙi jitar lantarki a shekarun 1970, amma a Arewa gurbin da kiɗan waje zai shiga waƙoƙin fina-finan Indiya ne suka cike shi, daga nan kuma waƙoƙin fina-finan Hausa suka gaje su. Garin Potiskum na Jihar Yobe wuri ne mai kyau na duba abin da ya maye gurbin wannan jigo, domin gari ne na hanya: nan ne titunan da suka taso daga Kano ta Azare, da daga Jos ta Bauchi, da daga Gombe suke haɗuwa kafin su miƙe zuwa Damaturu da Maiduguri, kasuwar shanunsa tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, kuma an san shi da yawan masu tireloli da direbobinsu da garejin gyaransu. Mazauna garin Ngizim ne da Karai-Karai da Bolewa da Ngamo da Fulani da Hausawa, fadar Fika da ta Pataskum duk a cikinsa suke, amma Hausa ce harshen kasuwa da tasha, don haka waƙar Hausa ce ke tashi daga rediyon mai shayi da wayar yaron mota, har a kunnen wanda ba Hausa ya sha a nono ba. Mutanen da ke kwana a hanya, nesa da iyali, a kan aikin da ba kowa ke ganin girmansa ba, ba za a ce ba su san kokawa da zuciya ba. Abin dubawa shi ne ta wace hanya waƙar da suke ji take taɓa wannan abu, tun da ba ta bin hanyar Lennon.

Dalilin rashin bin wannan hanya yana cikin tarbiyya da kuma tsarin sana'ar waƙa. A nazarin da A. H. M. Kirk-Greene ya wallafa a 1974 kan mutumin kirki a idon Bahaushe, haƙuri da kunya suna cikin halayen da ya lissafa, kuma dukansu biyu suna nufin mutum ya iya riƙe abin da ke ransa. Hausawa ma sukan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Namijin da ya fito bainar jama'a yana kukan halin da zuciyarsa ke ciki ana iya kiransa rago, ko a ce ya tona wa kansa asiri, rufin asiri kuwa yana cikin abubuwan da Bahaushe ya fi roƙa a addu'a. Ban da haka, waƙar baka ta gargajiya ta ginu ne a kan roƙo, wato sana'ar yabon wani domin samun kyauta, wadda M. G. Smith ya yi bayaninta a wata maƙala ta 1957. Fuskar maroƙi tana kallon ubangidansa ne, sarki ko attajiri ko ɗan dambe ko manomi, kuma wanda ya ba da doki ko riga bai biya don ya ji damuwar mawaƙi ba. Saboda haka damuwar ta koma bin hanyoyi na kaikaice, kuma wanda ya fi kowa gwanintar bin su shi ne Adamu Ɗan Maraya Jos.

An haifi Ɗan Maraya a Bukuru kusa da Jos a 1946, iyayensa suka rasu yana ƙarami, Sarkin Hausawan Bukuru, wanda uban yaron yake yi wa kiɗa, ya ɗauke shi ya riƙe. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri tun yana yaro ne ya ga kuntigi, ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya wanda ake yi da gwangwani a rufe da fata, ya kuma riƙe shi har rasuwarsa a watan Yunin 2015. Abubuwa biyu ne suka ware shi daga sauran makaɗan zamaninsa. Na farko, ba ya tafiya da 'yan amshi, alhali makaɗan fada da makaɗan jama'a duk da ƙungiya suke waƙa, jagora ya ba da ɗa 'yan amshi su karɓa da gindin waƙa, wato layin da ake maimaitawa bayan kowane ɗa. Shi kaɗai yake tsayawa da murya ɗaya da tsirkiya ɗaya, kuma wannan kaɗaici ya ba waƙarsa wani kusanci da mai sauraro wanda kiɗan taushi ko na kotso, duk da ƙasaitarsu, ba sa bayarwa. Na biyu, sunan da ya yi fice da shi suna ne na rashi. Maraici abu ne da ake tausaya wa mai shi, ana kuma iya goranta masa shi, amma wannan mawaƙi ya yarda a kira shi da shi a rediyo da faifai da gidajen sarauta har tsawon rayuwarsa, har ya zamana babu wanda zai iya yi masa gori da abin da shi da kansa ya riga ya ɗora a goshi.

Waƙar Karen Mota, wadda take cikin waƙoƙinsa na farko kuma mafi shahara, ita ce ta fi nuna yadda wannan dabara ke aiki. Karen mota shi ne yaron da ke bin direba, shi ke lodi da sauke kaya, shi ke cire taya a tsakar rana, shi ke tura mota idan ta mutu, shi ke sa weji a hawa, shi ke kwana a ƙarƙashin mota yana gadi, sunan aikin kansa kuma ya isa nuna inda jama'a suka ajiye shi. Ɗan Maraya ya ɗauki salon da ake yabon manya da shi ya yi wa wannan yaro waƙa, yana fito da wahalarsa da dauɗarsa ba tare da ya ɓoye su ba, yana kuma sa mai sauraro dariya da tausayi a lokaci guda. Mawaƙin bai ce shi ne aka raina ba, amma maraya ne ke magana a kan wanda aka raina, kuma mai sauraro ba ya buƙatar a haɗa masa su biyun. A gari irin Potiskum, inda hanyar zama direban tirela takan fara daga zama yaron mota na shekaru, waƙar tana yin aikin da amshin Creep ke yi a filin wasa na Turai: tana gaya wa wanda ke jin kansa a ƙasa cewa an gan shi. Bambancin shi ne ba ta nemi yaron ya buɗe baki ya faɗi ciwonsa ba, ta faɗa a madadinsa, asirinsa kuma ya tsira. A wasu waƙoƙin, irin su Jawabin Aure da Gulma Wuya, Ɗan Maraya yakan sauya murya ya zama miji ya zama mata ya zama magulmaci, ta yadda rikicin da mawaƙin rok zai ce yana cikin ƙirjinsa, shi sai ya rarraba shi a bakunan mutane daban-daban ya mai da shi wasan kwaikwayo.

Hanya ta biyu ta kaikaice, bayan ta Ɗan Maraya, ita ce kirari, wato yabon kai. Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa ya rasu a 1999, ya shiga waƙa ne ba da son mahaifinsa ba, domin gidansu ba gidan roƙo ba ne, kuma ana ganin sana'ar zubar da girma ce. Bakandamiyarsa, kamar ta Ibrahim Narambaɗa kafin shi, waƙa ce da mawaƙi ke keɓewa don ya wasa kansa ya nuna fifikonsa a kan abokan sana'a. Mai karatu na iya ganin wannan kishiyar waƙar rok ce, tun da ɗaya ƙasƙantar da kai ce ɗaya kuma cika baki, amma wanda aka ce masa sana'arsa abin kunya ce, idan ya tashi ya yi shekaru yana shelar cewa babu kamarsa a cikinta, amsa yake bayarwa, ko da bai ambaci tambayar ba.

Hanya ta uku ta fi sauran tsufa da zurfi, ita ce rubutacciyar waƙar wa'azi, kuma a nan ne kaɗai al'ada ta yarda namiji ya yi kuka da kansa a fili, saboda da Ubangijinsa yake magana. Malaman Musulunci sun daɗe da tsara bayanin kokawa da zuciya, suna rarrabe matakan rai guda uku da sunayensu suka zo a Alƙur'ani: ammara, mai umurni da mummuna; lawwama, mai zargin kanta bayan ta aikata; da muɗma'inna, wadda ta natsu. Aliyu Namangi na Zariya, makaho tun yana ƙarami, wanda aka haifa a 1894 ya rasu a 1990, ya sa wa jerin waƙoƙinsa suna Infiraji, kalmar Larabci mai nufin yayewar ƙunci, kuma waƙoƙin sun yaɗu a bakin almajirai da makafi masu bara da gidajen rediyo fiye da yadda suka yaɗu a takarda. Mai waƙar wa'azi yakan sa kansa a sahun masu laifi, ya ambaci mutuwa da kabari da ruɗin duniya, ya roƙi gafara, don haka idan ana neman muryar mutum mai zargin kansa a adabin Hausa, a nan take. Sai dai inda take dosa ya bambanta da inda rok ke dosa. Mawaƙin rok yana neman ya sasanta da kansa yadda yake, mai wa'azi kuwa ba ya amincewa da zuciyarsa ko kaɗan, horar da ita yake so ya yi. Abin da yake karɓa shi ne ƙaddara, wato makanta ko maraici ko talauci da aka rubuta masa, wannan karɓa kuma ita ake kira dangana. Dangana tana da ƙarfin da yarda da kai irin ta Turai ba ta da shi, domin ba ta jingina da ra'ayin mutum game da kansa, wanda ke iya sauyawa tsakanin safe da yamma. Tana kuma da rauninta, domin da ita ake rufe bakin wanda ya kamata a saurara.

Inda jitar lantarki ta haɗu da wannan duniya shi ne Nijar, a hannun Buzaye. Kiɗan jitar da ƙungiyar Tinariwen ta fara a zaman gudun hijira a Aljeriya da Libiya ana kiransa assuf, wato kewa da kaɗaicin wanda ya rabu da gida. Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, ɗan yankin Tawa ne, ya taso a gidan da ba a yarda da kiɗa ba, ya haɗa jitarsa ta farko da kansa da wayar burkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da na'urar gyaran murya irin wadda mawaƙan fina-finan Hausa ke amfani da ita, waƙoƙin kuma suka bazu a Sahel daga waya zuwa waya ta katin memori kafin wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya kai su kunnen Turawa. A 2015 ya fito a wani fim da aka ɗauka a Agadas, wanda aka gina a kan Purple Rain na mawaƙi Prince, fim ɗin 1984, inda ya taka rawar makaɗin da ke fama da abokan hamayya da kuma uba mai ganin jita hanyar lalacewa ce. Abin lura shi ne ko a wurin wannan mawaƙi, wanda jitarsa ke ihu kamar ta kowane gwanin rok, kalmomin sun fi karkata ga jama'a: kundinsa Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 suna magana ne a kan mulkin mallaka da zalunci da halin da harshen Buzaye ke ciki. Rikicinsa da gida sai a fim aka ba da labarinsa, a bakin makaɗin fim ɗin da ke ɗauke da sunansa, wanda hakan bai yi nisa da dabarar Ɗan Maraya ba.

Potiskum ta sha wuyar da ta gwada iyakar dangana. A watan Mayun 2012 'yan bindiga sun kai hari kasuwar shanu suka kashe mutane da dama. A watan Mayun 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Yobe da Borno da Adamawa aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Ranar 10 ga Nuwamban 2014 ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam a taron safe na makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati, ɗalibai fiye da 40 suka rasu, mako guda bayan wani harin da aka kai wa jerin gwanon Ashura a garin. Yaran da suka ga waɗannan abubuwa yanzu magidanta ne da matan aure, kuma waƙar da ta fi cika wayoyinsu ita ce ta soyayya irin ta Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker. A cikin wannan nau'i ne saurayin Bahaushe ya sami izinin da kakansa bai samu ba, na ya ce ba ya barci, ba ya cin abinci, hawaye na zubo masa, zuciyarsa ta yi ƙunci, muddin dai ya ɗora laifin a kan masoyiya. Alamomin da ake lissafawa a irin waɗannan waƙoƙi su ne kusan waɗanda likitoci ke lissafawa idan suna bayanin ciwon damuwa, kuma yana da wuya a yarda cewa duk mai maimaita su a gareji ko a bayan tirela budurwa ce kaɗai ke damunsa. Hukuma ta fara motsi a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa a makare: a 2018 aka hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan wani rahoton BBC kan yadda matasa ke shan sa, a farkon 2023 kuma aka sanar da sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Babban asibitin tarayya na masu wannan lalura da ke hidimar yankin yana Maiduguri, tafiyar fiye da kilomita 200 daga Potiskum, kuma iyali da yawa sukan fara kai marar lafiya wurin mai ruƙiyya ko mai maganin gargajiya kafin su yi shawarar shiga mota.